Kwandon Sharar Auta

Ƙanena Auta yana da wata manhaja da ya rubuta da kansa, ta shirya fayiloli a waya, kuma kyauta yake raba ta. Ko talla babu a ciki. Mu a gida mun daɗe muna yi masa tsiya, wai mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyara wa mutanen da bai sani ba ɗakin ajiya, ko sannu ba ya samu. Amma in za a faɗi gaskiya abin ya yi kyau. Ka buɗe, ga hotunanka nan, ga takardunka can, rubutu manya-manya, babu wani abu da zai yi tsalle ya tsone maka ido. Innarmu da ko rediyo sai an kamo mata tasha, a yini guda ta iya aiki da ita.

Abin da ya fi yi wa baki a ciki shi ne kwandon shara. In ka goge abu ba ya ɓacewa, kwandon yake faɗawa ya zauna. Duk sanda ka buɗe manhajar kuma, sai wani ɗan layi a ƙasa ya tuna maka akwai kaya a kwando, ko kana so a dawo maka da su. Auta ya ce yatsa yana kuskure, bai kamata mutum ya yi asara saboda yatsa ba.

Da ciwon Baba ya tsananta, Auta yana wani gari wurin aiki, kullum zancensa ƙarshen wata zai zo. Ni ce a gida tare da Inna. Likita ya ce in riƙa ɗaukar bidiyo duk lokacin da karkarwar ta taso, don ya ga yadda hannun yake yi. Wayata ba ta da wuri, sai na riƙa ɗauka da ta Inna. Na ɗauki Baba ana ba shi abinci yana zubowa ta gefen baki, na ɗauke shi yana kuka kamar yaro, mutumin da ko da singileti ba mu taɓa ganinsa a wajen ɗaki ba. Wata rana ya ga wayar a hannuna, ya zaci Auta ne a kan layi, ya juyo ya yi ta yi masa magana. Na gaya wa Auta, ya ce kada in tura, in ya zo zai kalla. Sai bayan an binne Baba ya zo.

Ya zo ɗin ma bai kalla ba. Kullum sai ya ce bari hankalinsa ya ɗan kwanta tukuna.

Wata hantsi Inna ta kira mu ɗakinta. Tana zaune a bakin gado, wayar a kan cinyarta, ƙarfen da Baba yake dogarawa yana jingine a bayan ƙofa har yanzu.

"Auta, abin nan naka ba ya jin magana," ta ce. "Na goge hotunan babanku da hannuna. Kullum na buɗe sai ya tambaye ni ko a dawo da su. Wa ya aike shi?"

"Inna, don kada a yi kuskure ne."

"To ni ban yi kuskure ba. Fitar min da su gaba ɗaya."

Ya durƙusa a gabanta. Ya ce ta bar shi ya kwafi guda ɗaya kawai, wanda Baba yake masa magana. Ta ce babu inda za a kai mijinta a wannan halin, yau yana wayar ɗansa, gobe yana wayar surukai. Ya ce to ya kalla sau ɗaya a nan gabanta. Ya ce ko ya rufe ido, ya ji muryar kawai.

"Ya kira ka da bakinsa yana da rai, ba ka zo ba," in ji Inna. Ba ta ɗaga murya ba. "Yanzu waya za ka amsa wa?"

Ni kaina na yi watanni ina riƙe da wannan maganar a cikina, ina jiran ranar da zan watsa masa ita. Da na ji ta a bakin Inna sai tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin kaina. Na ce wayar tana neman caji, na karɓa, na ja shi zuwa falo.

"Kai ka rubuta abin nan," na ce a hankali. "Tura wa kanka ka goge mata, ina za ta sani?"

"Za ta gani, Yaya. Duk abin da aka kwafa ko aka tura, manhajar tana nuna wa mai waya. Da gangan na yi haka."

"To cire wannan ɗin mana!"

"Mata nawa ne suka rubuto min suna godiya, saboda ta nan suka gane ana shiga musu waya. In cire don in yi wa uwata haka?"

Na ce masa da shi da manhajar duk taurin kai ɗaya gare su. Ya tsaya yana kallon wayar a hannuna, hancinsa yana yoyo, babba da shi. Sannan ya karɓa ya koma ɗakin, na bi bayansa.

Ashe zubar da kwandon ma ba a yi shi da sauƙi ba. Sai ka danna ka riƙe har wata da'ira ta cika, kuma hannun Inna rawa yake, da ta kusa cika sai yatsanta ya zame, abin ya koma farko. Ta gwada, ta sake gwadawa. Daga baya ta miƙo masa hannun ba tare da ta dube shi ba. Ya ɗora yatsansa a kan nata ya danne. Rubutu ya fito, ta ce ba ta ga tabarau ɗinta ba, ya karanta mata. Ya karanta kalmomin da shi ya zauna ya tsara su: "Daga nan babu mai iya dawo da su. An tabbata?"

"Na tabbata," ta ce.

Allon ya koma fari tas, ɗan layin ƙasa ya ɓace. Inna ta kife wayar, ta juya fuskarta bango ta kwanta.

A falo ya same ni ina ninke kayan wanki.

"Yaya, ke kina wurin. Me ya ce?"

Ranar hankalina duk yana kan hannun Baba, don likita ya ce kada in bar shi ya fita daga hoton. Maganar kuwa na bar wa waya, na ce ai tana ciki.

"Ya kira sunanka," na ce.

"Sai kuma me?"

"Ya daɗe yana magana, Auta. Sunan kawai na riƙe."