Tafin Ƙarfafa Gwiwa

Shekara guda cur na yi ina lallashin ɗiyata kafin ta yarda ta tsallake ƙofar aji. Yayyenta Kunkuru suke ce mata, saboda da an yi hayaniya sai ta cusa kanta cikin wuyan riga. Likita ya ce galahanga ce. Tana ji, tana ganewa, a lissafi ma ta fi ni, amma ƙara tana ƙona mata kunne kamar ruwan zafi, kuma ba ta son a zuba mata ido.

Daga ƙarshe ta sami wurinta a bencin baya, jikin bango, kusa da kabad ɗin alli. Malamar aji takan taɓa gefen bencin kafin a buga ƙararrawa, ita kuma ta toshe kunne. Shi ke nan. Ba wanda ya damu da ita, ita ma haka take so. Ni kuwa na fara samun barci.

Sai Hedimasta ya tafi bita.

Ban san me suka ba shi a can ba, amma ya dawo da jaka mai tambari da bakin da ba ya rufuwa. Ya aika aka kira ni ofis, na same shi yana danne takardu da kofin shayi saboda fanka.

"Malama, mun zalunci yarinyar nan," in ji shi. "A bayan aji! Sai ka ce tsintsiya! Daga yau za ta san ana ƙaunarta."

"Ranka ya daɗe, ai ta sani. A bar ta inda take."

"Duk haka iyaye suke cewa. An gaya mana a bita."

Aka sa kafinta ya haɗa kujera, aka shafa mata fenti ruwan ɗorawa, aka dasa ta gefen allo tana fuskantar aji, don kada kowa ya manta da yarinyar. To ita makarantar nan komai da tafi ake yinsa. Ka ci lissafi, tafi uku da buga ƙafa. Ka tsinci biro ka mayar, tafi uku da buga ƙafa. Saboda haka kullum da safe sai aji ya miƙe ya kwarara, "Muna tare da ke!" Sannan a tafa hannu, a girgiza daɓe.

Kunkuru ta shige riga. Hedimasta ya ce daɗi ne ya sa ta kunya, a ƙara mata ɗaya. Da ta rarrafa ƙarƙashin tebur, sai ya naɗa mata yara huɗu, wai abokan tallafi, suna bin ta har ƙofar banɗaki suna tambayar ko lafiya.

Na tare malamar aji a baranda. Ta waiga hagu da dama tukuna. "Yaya, wallahi na faɗa masa," ta ce. "Cewa ya yi ni ma za a tura ni bita."

Raina ya ɓaci, kuma na ji tsoro, don na san wahalar da muka sha a kan ƙofar nan. Abin da nake gudu kuwa ya faru. Da safe ita da kanta take sa kayan makaranta, ta ɗaure takalmi, mu tafi. Muna isa get sai ta riƙe ƙarfe ta kasa kunne. Da an fara tafin wani aji, ko tako ɗaya ba za ta ƙara ba.

Na koma ofis har da hawayena.

"A mayar da ita baya?" Ya dafe ƙirji. "So kike a ce muna wariya? Ga manyan baƙi na tafe ganin shirin nan!"

Ranar baƙin ma mun zo mun tsaya a get. Daga nan ana hango ajin ta taga. A kan kujerar ga wata yarinya zaune, ɗiyar mai shagon littattafai, tana washe baki tana ɗaga hannu. Aji ya kwarara mata, baƙi suka taya da nasu manyan hannuwan, har wata mai tabarau tana share ido.

Bayan ya raka su mota, Hedimasta ya biyo ta wurinmu yana gumi yana murna.

"Aro muka yi, don kada kujera ta zauna haka nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Sun yaba ƙwarai. Za a yi irinta a kowace makaranta."

Na buɗe baki, sai na ji an ja mini zani. Kunkuru ce, ido ɗaya a waje.

"Umma, sun gama? In shiga?"

"Ba su gama ba," na ce.

Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta ci gaba da jira.