Agogon Hannun Keturah

Agogon da ke hannun Keturah bai taɓa aiki ba tun ranar da ta saye shi a kasuwar Jimeta. Na maza ne, mai nauyi, ya yi wa siririn hannunta yawa. Idan wuri ya yi tsit, wani ya ɗaga kai yana neman inda ƙas-ƙas ɗin nan ke fitowa, sai ta ɗan juya hannu, idonsa ya faɗa kan agogo, shi ke nan.

Daga ƙirjinta ƙarar ke fita. Shekarar da suka gudo daga Michika a ƙafa, tana yarinya, ta yi ciwon maƙogwaro a ajin makarantar da aka zuba 'yan gudun hijira. Wa ke ta maƙogwaro alhali ba a san inda uba ya faɗi ba? Ruwan gishiri aka ba ta. Daga baya gwiwoyinta suka kumbura, zazzaɓi ya zo ya wuce, ashe ya cinye ɗaya daga ƙofofin zuciyarta. Da numfashi ya fara gagararta, wata ƙungiyar agaji ta fitar da ita ƙasar waje, aka sa mata ƙofar ƙarfe. Sharaɗin shi ne ƙwayar tsinka jini kullum har ƙarshen rai, da gwajin jini a kai a kai, don kada jini ya daskare a kan ƙarfen.

Ta tsani ƙarar. Saboda ita ta koyi ɗinki, don ƙarar keken ɗinki na rufe ta. A coci kuwa kusa da makaɗa take zama, kuma a nan Othniel ya gan ta.

Malamin firamare ne a Nassarawo, ran Lahadi shi ke kaɗa ganga. Dogo, mai yawan dariya, idan ya dube ta sai ta ji kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a kulle. Yakan zo shagonta da yamma ya zauna a benci, yana buga yatsa a gwiwa. Sau da yawa ta buɗe baki za ta faɗa masa, sai ta tuna dogon tabon da ke ƙirjinta, ta ja wuyan rigarta sama.

Da maganar aure ta yi ƙarfi, ya kai ta Mbamba ta gaida yayarsa Edna, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Adda Edna ta karɓe ta hannu biyu, ta tsokane ta cewa agogon nan ai na kakanta ne, ko gado ta ci? Suna cin tuwo da miyar yakuwa ta ba su labarin an mayar da ita ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Yola. Asibitin da Keturah ke zuwa gwaji ne. Ta ce abin da ya fi ba ta tausayi shi ne 'yan matan nan masu shan maganin tsinka jini, kyawawa da su, amma wane namiji zai ɗauka, haihuwa ma sai an sha fama.

Keturah ta haɗiye lomar da ke bakinta. Ta yi murmushi, ta ce Allah ya ba su lafiya.

Ranar gwajinta ta zo, ta shiga keke napep har ƙofar asibitin, ta hango Adda Edna cikin farar riga, ta ce wa mai keken ya juya. Da ƙwayoyin suka ƙare ba ta koma karɓo wasu ba, domin likita ba ya rubutawa sai ya ga sakamakon jini. Ta ce wa ranta bayan biki za ta gyara komai.

Sannu a hankali ƙarar ta fara dusashewa. Keturah ta ɗauka addu'arta ce aka amsa. Gajiyar da take ji idan ta taka keke, da hakin da ke kama ta daga shago zuwa bakin titi, duk ta ɗora wa zafin Jimeta.

Wata yamma Othniel ya zo ya tarar da ita ta jingina da bango, ɗinki a cinya. Ya zauna, ya ɗora yatsa a gwiwa, bai buga ba. Ya kasa kunne.

"Keturah, ba na jin ƙarar nan."

Ta ɗaga hannu, ta ce ƙila batir ne ya mutu.

"Agogon nan ƙarfe huɗu yake nunawa tun ranar da na fara ganinki," in ji shi a hankali. "Ni makaɗi ne. Ba da agogo nake bugawa ba idan na zauna a nan. Jira nake ki faɗa mini da bakinki."

Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ashe duk juya hannun nan da take yi, yana kallo. Ta rufe fuska da yadin wata amarya ta faɗa masa komai, har da keken da ta juya daga ƙofar asibiti. Ya fita da gudu ya tare napep.

Hoton zuciya ya nuna gudan jini ya maƙale a ƙofar ƙarfen, ba ta buɗewa sosai. Likitan ya ce da an ƙara jinkiri, sai dai wata tiyatar ko shanyewar ɓarin jiki. Aka ɗaura mata ruwan narkar da gudan jinin. Ya kuma ce haihuwa ba ta gagara ba, amma sai an shirya, an sauya magani, an bi ta a hankali.

Da safe aka turo mai ɗibar jini. Adda Edna ce. Ta tsaya a bakin gado da sirinji a hannu, ta dubi Keturah, Keturah ta dubi bango.

Jijiyar hannun dama ta ƙi fitowa. Edna ta zagayo hagu, ta kwance agogon da kanta, ta ajiye shi kan lokar gefen gado. Inda ya zauna fatar ta yi fari.

"Maganar da na yi a kan tuwo," ta ce, ba ta ɗago ba, "ita ta hana ki zuwa?"

Keturah ta gyaɗa kai. Edna ta daɗe tana goge wurin da auduga, fiye da yadda ake bukata. Ɗakin ya yi tsit. Can ƙasa-ƙasa ƙarar ta dawo, ƙas, ƙas, su biyun suna ji.

"Miƙo hannun sosai, amaryarmu," in ji Edna.