Akuya Mai Ƙafa Shida

A wurin kwas aka ce kowane malami ya ɗauki muryarsa a waya yana koyarwa, ya saurara. Malamar aji uku, mai ji da kanta, ta kunna wa yayarta tata.

Yayar ta kwashe da dariya. "Ke kullum 'kun gane?', su kuma 'eee!' Anya suna jin ki?"

Maganar ta tsaya mata a rai. Washegari ta tsaya gaban allo, ta murtuke fuska.

"Akuya ƙafarta shida. Kun gane?"

"Eee, Malama!"

Har da 'yar mai kiwon awaki, muryarta ma ta fi ta kowa.

Malamar ta miƙa wa yarinyar alli. "Zo ki zana mana akuyar babanki, mu ƙirga tare."