Jarka Mai Jan Ƙyalle

A layin famfonmu jarka ce ke tsayuwa, ba mutum ba. Ki ajiye taki da safe, ki ɗaura mata ƙyallen shaida, ki tafi aikinki. Ruwa na zuwa da azahar, kuma ba ya cika awa guda. Dokar ɗaya ce: idan layi ya zo kan jarkar da mai ita ba ta nan, ta bayanta ce za ta cika mata kafin ta tara tata.

Ni na taɓa karya dokar nan, kuma ba wanda ya gani sai Allah.

Jarkar Siririya ce a gabana ranar, 'yar maƙwabciyata mai wanki, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya. Tana makaranta. Ruwan ya fara tsiyaya kamar fitsarin jariri, ga ɗinkin mutane na jirana. Na sa ƙafa na ture jarkarta gefe, na tara tawa. Ina gamawa famfo ya ɗauke. Da ta taso ta tarar da jarka wayam, sai ta ɗauki bokiti ta nufi kududdufin bayan unguwa. Da la'asar aka tsamo ta.

Bayan sadakar arba'in jarkar ta dawo layi. Rawaya, mai jan ƙyalle, kuma kullum a gaban tawa. Na sauya lokaci, na zo tun rana ba ta fito ba, na same ta. Na tare uwar a zaure.

"Yaya, ke kike kawo jarkar nan?"

"Wace jarka? Ai da hannuna na ƙona ta."

Na daina zuwa famfo, na koma ɗibar ruwan rijiyar bayan masai. Bayan kwana shida Autata ta kama gudawa, idonta ya faɗa, wuyanta ya saki. Malamar asibiti ta dube ni sheƙeƙe.

"Ruwan famfo, a tafasa. In kin sake ba ta wancan, kada ki dawo mini da ita."

Na koma layi. Jarkar tana nan, ba kowa a kusa da ita. Matan da ke tsegumi har kan kaza duk sun yi gum. Layi ya zo kanta daidai lokacin da ruwan ya fara sirancewa, kuma na san sirancewar nan, jarka ɗaya zai cika, ba biyu ba.

"Ture ta mana, baiwar Allah," in ji tsohuwar da ke bayana. "Ke mai marar lafiya a gida!"

Wallahi ƙafata har ta ɗaga. Sai na ga ƙyallen yana ɗiga, alhali rana na ƙwallewa, ko gumi bushewa yake. Na sunkuya na tara jarkar a bakin famfo, ina kuka ina zagin kaina. Tana cika ruwa ya ɗauke. Na roƙi kofi guda a layin, kowa ta ce nata na da masu jira.

Na dawo da jarkata tana kaɗawa a hannu. A ƙofar ɗakina na tarar da mai jan ƙyalle, cike fam, gansakuka manne a hannunta. Daga zaure har bakin ƙofar ga sawun ƙafa ƙanana, jiƙaƙƙu, masu shigowa. Ban ga na fita ba.

Na buɗe na sansana. Ruwan famfo ne garau. Na tafasa, na ba Auta cokali-cokali. Kwana uku ta tashi tana neman abinci.

Da na je layi washegari, na duba gaban jarkata, babu komai. Na yi ajiyar zuciya, na juya zan tafi. Mai jan ƙyallen tana bayan tawa.

Tsohuwar ta matsa da tata nesa, ta ce a hankali, "To, ranar da ba kya nan, kin san mai cika miki."