Ƙyallen Bagade da Tsintsiyar Gwaggo

Shekara goma sha tara Gwaggo tana sharar cocin nan, amma rana ɗaya shugabar mata ta miƙe bayan sujada ta ce ƙyallen bagade, wato mayafin teburin gaban coci, ya ɓata, kuma mabuɗi a hannun wa yake? Shi ke nan fa. Aka karɓe mabuɗi, aka karɓe tsintsiya. Ko a bakin famfo, in Gwaggo ta iso sai mata su jawo bokitansu. Sunan ɓarauniya ya zauna mata daram.

Da aka shiga makonnin shirin Kirsimeti, sai ga shugabar a ƙofar Gwaggo, ƙyallen a hannunta.

“Gwaggo, a akwatin kyandirorin da muke kunnawa kafin Kirsimeti na gan shi. Ni na cusa shi bara, na manta. Ki yafe mini.”

“Gwaggo? Yau kuma? Ba ɓarauniya ba? Fice mini, munafuka!”

Ba ta fita ba. Ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida. Washegari ta dawo ta yi wanki, kullum haka har mako uku. Gwaggo ta tsani ganinta. In ta share, sai Gwaggo ta watsa toka a wurin, ta koma ta zauna tana hararar ta.

“Baiwar Allah, kin iya tuba mai araha,” in ji Gwaggo. “A gaban mutum ɗari biyu kika kashe ni, sai ki zo ki tashe ni a bayan katanga, inda kaji ne kawai shaida?”

Shugabar ta sunkuyar da kai.

Ran Lahadin da ake kunna kyandir na huɗu, ta ƙarshe kafin Kirsimeti, Gwaggo ta zo ta zauna a bencin ƙarshe, don dai ta ga ƙarshen ƙarya. Aka miƙa wa shugabar ashana. Ta ajiye, ta ɗaga ƙyallen.

“Gwaggo ba ta saci komai ba. Ni na yi mata ƙazafi. Na sauka daga shugabanci, a ba ni shara.”

Bayan an tashi shugabar ta fara shara kuwa, tana tsallake ƙarƙashin benci. Gwaggo ta taso ta fizge tsintsiyar.

“Ban yafe ba tukuna,” ta ce, idonta cike da hawaye. “Ɗaga mini bencin nan.”