Tarin Kajin Maman Judith

Duk unguwar Romi an san Rebecca ba don sha'awa take kiwon kaji ba. Ta tsani kukansu, ta tsani warinsu, har ba ta shiga akurki sai ta ɗaure hanci da baki da tsohon ɗankwali. Abin da ya sa ta cika bayan gidanta da kajin gidan gona masu ƙwai shi ne ƙirjin mijinta. Shekari ya daɗe yana aiki a sashen shiɓar auduga na wata masaƙa a Kakuri. Kullum ya dawo kansa fari fat kamar na tsoho, ga wani busasshen tari da ya kama shi ya ƙi saki. Sun riga sun gama magana: kajin nan su kankama, ƙwai ya riƙa fita kullum, shi kuma ya ajiye aikin ya dawo gida su yi kiwo tare. A wannan zamani na soja da ake bin layi kafin a sayi sabulu, ba mai barin aiki sai ya ga abin da zai kama.

Shekari ma bai bar ta ita kaɗai ba. Da damina ta kankama, sanyin ruwa ya fara shigowa, ya samo buhuna ya toshe tagogin akurkin da ƙusa. Dusar katako ta yi wuyar samu, sai ya riƙa ɗauro buhun sharar auduga a bayan kekensa, irin wadda ake sharewa a ƙarƙashin injuna, ya shimfiɗa musu. Abin ya burge Rebecca. Har a zumuntar mata ta coci sai da ta yi fariya, wai kajinta a kan katifa suke kwana.

To, sai kajin suka fara yi mata iya shege. Ƙwarƙwata ce ta fara zuwa. Ta tara tokar murhu ta haɗa da garin ganyen taba, ta riƙa kama su tana goga musu a ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya, suna tsattsagar hannunta tana zaginsu. Ba a jima ba ta ga tsutsa a kashinsu. Ta jiƙa ɓawon maɗaci, ta kuma sayo maganin tsutsa a Kakuri ta zuba musu a ruwa. Waɗannan biyun ta ci su da yaƙi. Tarin da ya kama su daga baya ne ya gagare ta.

Kaza ta miƙe wuya, ta buɗe baki, ido na ruwa, tana wani kakari mai ban haushi. Rebecca ta fasa kafso ja-da-yalo a ruwan shansu. Ta daka barkono da tafarnuwa. Ta yi addu'a, ta koma ta yi zagi, ta sake yin addu'a. Ƙwan da take cika tire da shi ya dawo ɗan abin da za ta riƙo a haɓar zani. Duk ƙwan da ya ragu kuwa, ta san ranar fitar Shekari daga masaƙa ce ta ƙara nisa.

Mutum in ya rasa yadda zai yi, dole ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, kuma Rebecca ba ta sha wahalar nema ba. Katangar langa-langa ce kawai tsakaninta da Adaeze, matar Anayo makanike, wadda ke da wasu kajin Hausa 'yan yawon bola da wani zakara mai figaggen wuya da ba ya jin kora. Ran da Rebecca ta buɗe akurki da safe ta tarar da wadda ta fi yawan ƙwai a cikin kajinta ta miƙe ƙafa, ba ta tsaya wani tunani ba. Ta ɗauko gawar ta ƙafa ɗaya, ta zagaya, ta wurgar da ita gaban kaskon da Adaeze ke suyar ƙosai.

"Maman Obinna, ga aikin kajinki! Ki haɗa da ƙosan ki sayar!"

"Chineke!" Adaeze ta kira sunan Allah da yarensu, ta yi tsalle da matsami a hannu. "Maman Judith, lafiya da safen nan? Ko gaisuwa babu?"

"Gaisuwar me? Sau nawa na ce ki killace ƙazaman kajin nan? Sun kwaso ƙwarƙwata sun kawo mini, na yi shiru. Sun kawo tsutsa, na yi shiru. Yanzu kuma sai sun ƙarar da ni?"

"Yaushe kin yi shiru? Ke kin taɓa shiru a unguwan nan?" Adaeze ta nuna bola da matsamin. "Duba su! Wanne yana tari? Nuna mini!"

Ga su nan kuwa suna ta tono hankali kwance, zakaran ma har da cara. Wannan ya fi komai ƙona wa Rebecca rai, a ce 'yan iskan kajin da ke cin datti lafiyarsu lau, nata da ake saya wa abinci a buhu suna mutuwa. Ta ɗaga murya har matan layin suka fara leƙowa. Adaeze ta sauke kasko, ta sake ɗamara.

"Mu je! Yau sai na ga wannan gidan sarki da kaji na suka ɓata."

Ta wuce gaba, ta banka ƙofar akurkin ta shiga, hancinta a buɗe. Kajin suka firgita suka yi ta fiffika, ƙura ta tashi ta turnuƙe ɗakin. Ko ƙwaƙƙwaran numfashi Adaeze ba ta ja ba ta fito a guje, ta dafa bango tana tari, hawaye na zuba.

"Maman Judith, wallahi ke muguwa ne," ta ce da ƙyar. "Wannan ɗaki ko mutum ba zai kwana ba. Babu iska, babu taga, sai ƙura! Kuma kin zo kina zagi na?"

Rebecca ta buɗe baki za ta mayar mata, maganar ta tsaya. Kan Adaeze take kallo. Ɗankwalinta da girarta sun yi fari fat da burtuntunar auduga, sak yadda Shekari ke shigowa gida kullum. Tarin ma irin nasa ne, busasshe, daga can ƙasan ƙirji.

Ta koma ta ɗauko mushen kazar, ta sa wuƙa ta tsaga maƙogwaron. Cikinsa ya yi jajir, cike da majina ruwan toka, ga 'yan siraran zaruruwa manne a jiki. Ta daɗe a tsugune tana kallo. Haushi ya cika ta, na masaƙa, na Shekari, da na kanta da ta toshe hancinta ta bar kaji suna shaƙa, har tana yi wa mata fariyar katifa.

"Yi haƙuri," ta ce wa Adaeze, da muryar da ta fi kama da faɗa.

"Riƙe haƙurinki. Kawo guduma."

Su biyun suka ɓalle buhunan tagogi, suka kore kajin zuwa tsakar gida, suka kwashe audugar da shebur suka tara a bakin kwata. Rebecca ta watsa kananzir ta ƙyasta ashana. Hayaƙin ne ya fito da Shekari, wanda aikin rana gare shi, ya riga ya sa kakinsa yana tura keke.

"Maman Judith, me nake gani haka? Kin san wahalar da na sha na ɗauko wannan?"

"Na sani. Zo ka ga ladanka."

Ta kama hannun rigarsa ta ja shi gaban kazar, ta buɗe masa maƙogwaron da tsinin wuƙa. Ya sunkuya ya duba. Ta nuna masa zaruruwan audugar da ke manne a ciki.

"Don kada sanyi ya kama su na yi," ya ce a hankali.

"Damina ɗaya suka yi a ciki, Baban Judith. Damina ɗaya! Kai kuma tun kafin a haifi Judith kake shaƙar abin nan, ga ta yanzu har ta shiga sakandare. In aka tsaga naka me za a gani? Ka ce mini sanyi ne, ka ce mini mura ce, na yi ta dafa maka citta kamar wawiya!"

"Rage murya, mutane na ji."

"Su ji! Yau ba inda za ka."

"Ana rage ma'aikata, kin sani. Wanda ya yi fashi ko na yini ɗaya ne, shi za a fara sallama. In aka kore ni yau, me za mu ci? Waɗannan?" Ya nuna kajin da suka takure a jikin bango, ko wacce baki buɗe.

Maganar ta ƙara tunzura ta. Ta durƙusa gaban keken, ta murɗe bawul ɗin tayar baya ta zare. Iska ta fice fuuu, taya ta kwanta. Ta miƙe ta damƙe bawul ɗin a tafin hannu tana huci, tana jira ya yi mata tsawa, ko ya murɗe hannun ya ƙwace. Da ya yi haka da ta ji daɗi, da ta sami wanda za ta yi faɗa da shi.

Shekari ya dubi tayar, ya dube ta. Ya jingine keken a bango, ya kwance kwanon abincinsa daga kariyar bayan keken.

"Ki ba su ruwa mai kyau," ya ce. "Kada ki mayar da su ciki sai ƙasan ya bushe."

Ya fita da ƙafa.

Daga Romi zuwa Kakuri ba nan kusa ba ne, ga rana ta take, ga taɓon hanya. Ita da ta tara kaji don ta hutar da ƙirjin nan, yau ita ta ƙara masa tafiya. Ta fito ƙofar gida ta hango shi ya tsaya a kwanar layi, ya dafa katangar wani gida ya sunkuya, kafaɗunsa na girgiza. Ta ɗaga hannun da ke riƙe da bawul za ta kira shi, sai ya goge baki da hankici ya sha kwana.

Adaeze ta taɓa kafaɗarta, ta ce za ta kai wa Anayo tayar ya hura, ta karɓi bawul ɗin ta tafi. Rebecca ta koma tsakar gida ta ɗauraye kwanukan ruwa, ta cika su, ta dire gaban kajin da ƙarfi har ruwan ya fantsama. Ɗaya ta yi atishawa, ta girgiza kai, ta matso ta tsoma baki.

"Ku sha, 'yan banza," ta ce musu. "Ku warke ku yi ƙwai. Ku ai an fitar da ku. Saura shi."