Katakon Kifin Farko

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Haka Ramona ta riƙa ji daga bakin kogi a daren nan, kamar wani na ƙwanƙwasa ƙofa daga ƙarƙashin ruwa. Ta ce a ranta ai katakonta ne ke bugun turken da ake ɗaure jirage, ta gyara kwanciya. Can sai ƙarar ta ɗauke.

Gari na wayewa ta sauka, ta tarar da igiya ita kaɗai tana lilo a ruwa. Katakon sida da ta ɗaure ya jiƙa don gasa kifi a kansa, jan itacen nan mai ƙamshi wanda marigayi babanta ya tsaga da hannunsa, ko sama ko ƙasa. Ga shi yau ake gasa kifin farko na shekara, ƙaton salmon da aka kama jiya, irin kifin nan da ke hauro kogi daga teku, kuma bana ne dattawa suka fara damƙa mata aikin. Kowa a ƙauyen zai ɗanɗana tsokar, sannan a mayar wa kogi ƙashin cif, ba ƙuna ba karaya, don kifin ya je ya shaida wa danginsa an karrama shi. In ƙashi ya ƙone, wa zai zo baɗi? Busasshen katako kuwa, wuta yake kamawa.

Ƙanenta Wilbur ya gangaro riƙe da kofin kofi, ya dubi igiyar.

"Yaya, kogi ya ɗauki rabonsa tun ba a ba shi ba. Akwai murhun gas a motata. Mu ɗora shi a kai, ba mai sani."

"Kifin zai sani."

"Kifin ya mutu, Yaya."

"Kai ma kanka ya daɗe da mutuwa, ga ka kana yawo."

Ba ta jira amsarsa ba, don idonta ya riga ya faɗa kan tsohon kwalekwalensa. Ya daɗe kwance cikin ciyayin bakin ruwa, rabinsa a nutse, har kwaɗi sun mayar da shi gida, kullum Wilbur na cewa gobe zai gyara. Ta shiga ruwa har gwiwa, ta ƙwanƙwasa katakon mazaunin, ta kankare da farce, ta shinshina. Sida ne, bai taɓa ganin fenti ba, kuma ya sha ruwa ya ƙoshi.

"Kawo guduma."

"Mazaunina ne fa."

"Rabonka da zama a kai tun ba ka ajiye tumbi ba. Kawo."

Ta goge katakon da yashi har jansa ya fito. Ta tsaga kifin ta baya, ta shimfiɗa shi a kai, ta kafe shi da tsinkayen itace, ta jingina katakon a gefen garwashi. Itacen ya fara huci kamar mai barci, tururi na tashi, kitse na gangarowa, ƙamshin daji da na teku suka haɗu suka cika wurin. Sau ɗaya harshen wuta ya laso gefen. Ramona ta yayyafa ruwa da yatsu ba tare da ta katse hirarta da maƙwabciyarta, tsohuwa Delphine, ba.

Aka ci, yaro da babba, kowa ɗan yanki. Duk wanda ya tsinci ƙaya a bakinsa sai ya kawo mata a tafin hannu. Ta jera su a kan katakon kusa da ƙashin baya, kai da wutsiya a wurinsu, fari tas, babu inda wuta ta taɓa. Ta ɗauki katakon a hannu biyu, jama'a na biye da waƙa, ta ajiye shi a ruwa, kan kifin na fuskantar teku. Ya tafi a hankali.

"Sauka lafiya, mazaunina," in ji Wilbur.

Dariyar ba ta ƙare ba suka ji ƙwas, ƙwas. Can sama da inda suke tsaye, nesa da turken, katakon babanta ne ke bugun wani dutse, guntun igiya na bin sa. Kowa ya juya yana kallo. Delphine ta kare rana da hannu, ta daɗe tana dubawa.

"Ramona, 'yar nan, ruwan nan ai gangarawa yake yi. To wa ya kai shi can sama?"